Shekarar da Na Cire Baffana daga Zauren Ruwa

Ina da 'yar rumfa a kasuwar Isa, inda nake sayar da maganin dabbobi da irin shuka. A gefe guda akwai allurar shanu da maganin tsutsar ciki, a ɗaya gefen buhunan irin gero da dawa da wake. Don haka mutane iri biyu ne ke zama a bencina, manoma da makiyaya. Ni kaina na haɗa jinin biyu. Mahaifina ɗan gidan malamai ne na cikin gari, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Tozai. Ina jin Fulatanci sarai, sai dai in na yi nisa a cikin magana harshena yakan harɗe.

A shekarar da damina ta fara yi mana gardama, duk wanda ya zauna a bencin nan tambaya ɗaya yake yi bayan gaisuwa: ina aka yi ruwa? Ba don hira ake tambayar ba. Mutumin da ke zaune cikin gari, gonarsa tana can nesa, sai ya hau mashin ya ƙona mai kafin ya san ko ƙasarsa ta jiƙa. Makiyayi kuma in ya ji an yi ruwa a gabas zai kora garke ya nufi can. In ya tarar ba haka ba ne, akwai saniyar da ba za ta dawo da ƙafarta ba.

Wani abokina direba, mai jigila tsakanin Isa da Sabon Birni da Sakkwato, shi ya buɗe mana guruf a waya don wannan tambaya kawai. Ya sa masa suna Zauren Ruwa. Ya ce shi kullum hannunsa na kan sitiyari, ni ne mai zama wuri ɗaya, don haka ya mayar da ni admin, wato mai kula da zauren, mai ikon shigar da mutum da fitar da shi. Na karɓa ina dariya. Ban ɗauka aiki ba ne.

A wannan shekara ta farko zauren ya yi mana rana. Abin da ya raya shi saƙon murya ne. Dattijon da bai taɓa riƙe biro ba sai ya danne waya da babban yatsa ya yi sallama, ya ce ga shi a bayan Bafarawa, an yi yayyafi amma bai kai na shuka ba. Kana jin zakara na cara a bayansa, ko ƙarar ruwa a kan kwano. Ka san muryar, ka san mai ita, ka san ko mutum ne mai ƙara gishiri. Damina ta yi ƙaranci, amfanin gona bai yi auki ba, amma mutane da yawa sun tsira da irinsu saboda ba su zuba shi a busasshiyar ƙasa ba.

Shekara ta biyu ce ta zo da tsanani. Ruwa ya sauka sau ɗaya mai kyau, kowa ya fita ya yi shuka, gero ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke. Hadari ya riƙa haɗuwa da la'asar, ya yi baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso ta watsa shi. Muka yi ta kallon shuka tana nannaɗe ganye tana komawa ruwan toka. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Shanu suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

A daidai wannan lokaci zauren ya cika maƙil. Akwai wani ɗan rubutu shuɗi da ake turawa, duk wanda ya danna shi sai ya faɗo ciki ba tare da izinin kowa ba. Wani ya watsa shi a wasu wurare. Na wayi gari na ga lambobin da ban sani ba, babu suna, babu hoto. Da 'yan ci-ranin da ke kudu, da na ƙetaren iyaka, da waɗanda har yau ban san daga ina suka fito ba. Su ba su ga samanmu ba, amma sun fi kowa magana. Ga kuma 'yar kibiyar nan da ake dannawa a tura abu gaba. Da ita ake kwaso mana bidiyon ambaliyar wata ƙasa a ce ga ruwa nan tafe, da maganin da wai in an binne a gona hadari zai tsaya, da hoton gawar shanu da ba a san na yaushe ba ne. In wani ya faɗi labarin ruwa na gaskiya da safe, kafin azahar an binne shi a ƙarƙashin tarkace.

A nan baffana ya shigo labarin. Ƙanen mahaifina ne, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Tsohon malamin makaranta ne, mai murya, mai iya jera magana. Ɗansa ya aiko masa da sabuwar waya daga Sakkwato, ni da hannuna na shigar da shi zauren. Da farko nasiha yake yi, cewa mu koma ga Allah, mu daina tauye mudu, mu riƙe zumunci. Kowa ya ji daɗi. Amma saƙonsa yana da tsawo kamar huɗuba, kuma sannu a hankali nasihar ta sauya hanya. Daga laifinmu gaba ɗaya ta koma laifin wasu. Su wa ke sare rassan gawo su ba dabbobi? Su wa ke sakin shanu cikin ɗan abin da ya rage a fadama? Bai cika kiran suna ba, amma babu wanda bai gane ba.

Baffa yana da dalilinsa. Gonarsa tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, kuma an taɓa cinye masa dawa ana gab da girbi. Abin bai bar zuciyarsa ba. Sai dai a cikin waya magana ba ta tsayawa inda mai ita ya ajiye ta. Baƙin lambobin nan suka ɗauka suka ƙara mata wuta. Samarin makiyaya su ma suka fara mayar da martani da Fulatanci, suna zagi mai zafi, suna ganin ba mai ji. Ni ina ji. Ina tsaye ina auna wa mutum maganin tsutsa, waya na ɓari a aljihuna, in na saurara sai in ji kunnena ya yi zafi.

Sai manyan makiyaya suka fara fita. Ba su yi faɗa ba, ba su yi sallama ba. Ɗan ƙaramin rubutu kawai nake gani, wane ya fita, wane ya fita. Da fitarsu labarin daji ya yanke, domin su ne ke kwana a inda ruwa ke fara sauka. Zauren Ruwa ya koma wurin da ake komai ban da maganar ruwa.

Abu na farko da na gwada shi ne kulle zauren. Akwai wurin da admin zai danna, bakin kowa ya rufe sai nasa. Na danna, na yi gajeren bayani cewa a huta. Shiru ya sauka, na samu barci. Amma ban daɗe ba na ga abin da kullewar ta haifar. Masu faɗan suka buɗe wani zauren nasu inda babu mai tsawatarwa, abin da ake faɗa a can ya fi na da muni. A cikin kwanakin kuma aka yi ruwa mai ɗan dama a wani yanki na arewa da mu, wanda da an ji da wuri da wasu sun yi ƙoƙarin maye gurbin shukar da ta mutu. Wanda ya gani da idonsa ya ɗauki waya zai faɗa, ya tarar ƙofa a rufe.

Shi ne ya zo rumfata ranar kasuwa. Ɗan ardon wata ruga ne a gefen Bafarawa, sa'ana ne, tun muna samari yake sayen allura a wurina. Dogo ne marar yawan magana. Ya jingina sandarsa, ya zauna, muka gaisa, na tambayi shanu.

Ya ce, "Shanu suna nan yadda ka sani. Ni zauren nan naka ya kawo ni. Ruwa ya sauka, na so in gaya ma mutane, na iske ka ƙulle."

Na ce, "Ai ka ji abin da anka mayar da shi. Mi za ni yi?"

Ya ce, "Masu zagi ba su kai goma ba. Ka hana su, ka hana mu duka. In rijiya ta yi datti yashe ta akan yi, ba a rufe ta da ƙasa mutane na jin ƙishi."

Na ce masa ni kaɗai ba za ni iya ba. In na goge maganar Bahaushe za a ce na bi dangin uwata, in na goge ta Bafulatani za a ce na bi dangin ubana. Ya dubi buhunan iri. Can ya ce in ina so, shi zai riƙe ɓangaren Fulatanci, domin ya san muryar kowane yaro da gidan da ya fito. A nan take na mayar da shi admin. Bai iya karatun boko ba, amma ba a buƙatar boko wajen sauraron murya da danna gogewa.

Muka zauna a bencin nan har kasuwa ta fara watsewa, muna shawarar yadda za a yi. Muka tsayar da cewa duk mai ba da labarin ruwa ya fara da faɗin ko shi wane ne da inda yake tsaye, kuma ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba abin da aka gaya masa ba. Ya tona ƙasa da hannu ya gaya mana inda laima ta kai, ko gaɓar yatsa, ko tafin hannu, ko ta wuce wuyan hannu. Abin da aka turo daga wani wuri, wanda waya da kanta take yi wa alama a sama, za mu goge shi ko da mai kyau ne. Wanda aka yi wa ɓarna ya faɗa, amma ya faɗi gonarsa da ranar, kada ya ɗora wa ƙabila. Shi kuma ya ƙara abu ɗaya da ni ban yi tunaninsa ba. Ya ce kada a tambayi makiyayi inda garkensa ke kwana, domin kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, kuma ba mu san kunnen da ke saurare ba. Wannan ya sa na kashe shuɗin rubutun nan na shiga. Daga ranar, sai wani na ciki ya ce ya san ka kafin mu buɗe maka.

Na faɗi wannan da Hausa a saƙo ɗaya, shi ya faɗa da Fulatanci, muka maƙala su a saman zauren inda kowa zai gani, sannan na buɗe.

Ban taɓa yin aikin da ya ci raina kamar na makonnin da suka biyo baya ba. Kowane saƙo sai na saurare shi har ƙarshe, domin mutum yakan fara da salati ya ƙare da zagi. Ina ba mai saye canji da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da waya a kunne. Caji ya ƙare in aika wurin mai janareta, sabis ya ɗauke in fita bayan kasuwa inda yake kamawa. Baƙin lambobin nan na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya cikin ladabi, malam daga ina, wa ya san ka a nan? Wanda ya amsa na bar shi, wanda ya yi shiru ko ya zage ni na fitar. Aka sa mini suna gwamnan waya. Wani ya ce wa ya naɗa ni alƙali. Na koyi wani abu a lokacin: in na goge saƙon mutum na yi shiru, sai ya ɗauka raini ne. In na kira shi a gefe na ce, wane, na goge maganarka saboda kaza, sake faɗinta ba tare da kaza ba, mafi yawa sukan sake, wasu har da ban haƙuri. Kiran yana cin kati da lokaci, amma na ɗaure wa kaina cewa ba za ni goge maganar kowa ba tare da na gaya masa dalili ba.

Sannu a hankali muryoyin da suka ɓace suka fara dawowa. Ɗan ardo ya bi manyan da suka fita har rugagensu ya roƙe su. Ranar da na sake jin wani tsoho yana cewa ga shi a gabas da Tozai, an yi ruwa amma laima ba ta wuce gaɓar yatsa ba, kada kowa ya motsa, sai da na sake saurara don daɗi.

Baffa bai ce komai a kan sababbin ƙa'idojin ba. Ya rage tsawon saƙonsa na 'yan kwanaki. Sai wata safiya ya turo bidiyo. Garken shanu ne a tsakiyar gonar gero suna ci, wani mutum yana ihu a gefe. A ƙasa Baffa ya yi magana da muryarsa, ya ce ga abin da ake yi mana a gefen Tozai, mu kuma an ce mu yi shiru. Alamar turowa tana nan a saman bidiyon ƙarara.

Na goge. Na kira shi, bai ɗauka ba. Kafin in ajiye waya ya sake turowa. Na sake gogewa, na aika masa saƙo a gefe, na ce Baffa don Allah a dakata, za ni zo gida. Ya turo a karo na uku, ya ƙara da cewa yaron da ya goya ba zai hana shi faɗin gaskiya ba. A 'yan mintocin da bidiyon ya yi a zaure har wasu samari sun fara cewa a haɗu a tafi Tozai a gani. Ɗan ardo ya kira ni. Bai ce in yi komai ba. Ya ce kawai, "Yaranmu sun gani. Ina riƙe da su, amma ban san zuwa yaushe ba."

Na zauna a kan buhun dawa ina kallon sunan Baffa a waya. Na riga na fitar da mutane da yawa a kan abin da bai kai wannan ba, kuma duk zauren ya sani. In na bar shi, gobe ba ni da bakin hana kowa. Na danna, na cire shi. Waya ta rubuta a fili, inda kowa zai gani, cewa ni ne na cire shi.

Kafin azahar labari ya isa gida. Inna, mahaifiyata, ta aiko a kira ni. Na same ta tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Mutumin da ya ciyar da ku, shi ka kora gaban jama'a? Kuma ka san abin da za a ce. Za a ce ni na sa ka."

Na ce, "Inna, ba daga gida na kore shi ba, daga waya ne."

Ta ce, "A wurinsa duk ɗaya ne. Tashi ka tafi ka same shi, kada rana ta faɗi ba ka je ba."

Bayan la'asar na tafi. Yana zaune a zaurensa a kan buzu, da carbi a hannu. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, bai ce in zauna ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Ya ce, "Gwamna ya iso."

Na ce, "Baffa, ɗanka ne ya zo. A gafarce ni in na ɓata rai."

"In ka san ɓacin rai ne, mi ya sa ka yi?"

Na roƙe shi ya buɗe bidiyon mu kalla tare. Ya yi kamar ba zai yi ba, sannan ya miƙo wayar. Na tsayar da hoton a inda gonar ta fito sosai. Na ce, "Baffa, dubi geron nan. Ya kai ƙirjin mutum, har ya fara fitar da kai. Bana ina gero ya wuce gwiwa a ƙasarmu?"

Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Shi manomi ne, ba ya buƙatar in ƙara bayani. Ya ajiye wayar a kan buzu.

Ya ce, "To, ba na bana ba ne. Wataƙila ma ba nan ba ne. Amma ƙarya ne ana yi? Ni ba a yi mini ba? Kana nan sa'ad da munka tahi munka iske kara kaɗai a tsaye."

Na ce ina nan, kuma ban manta ba. Na ce masa in aka sake taɓa gonarsa, ko ta wani, ya faɗa da sunansa da wurin, ba mai gogewa, kuma ni da ƙafata za ni je in tsaya a kan maganar. Amma wannan bidiyon, da an bar shi, yau da wasu yara sun tafi Tozai da sanduna a kan gonar da ba ta wanzu a can ba, kuma a Tozai akwai kawunnena.

Ya ce, "Wato ba za ka mayar da ni ba."

Na ce, "In Baffa ya yarda da abin da kowa ya yarda da shi, yanzu za ni mayar."

Ya ce shi ba zai nemi izinin magana a wurin ɗan da ya yi wa wanki ba. Ya ɗauki carbinsa. Na yi masa sallama na fito, amma ban sauya shawara ba. Da na koma rumfa na yi saƙo ɗaya a zaure. Ban ambaci Baffa ba. Na ce bidiyon da aka gani ba na ƙasarmu ba ne, kowa ya dubi tsawon geron, kuma kada wanda ya je ko'ina.

Ba a daɗe ba aka gwada alkawarin da na yi masa. Wani manomi daga gefen Bafarawa, mai ɗan lambu a fadama inda ya yi ta ban ruwa da guga don ya tsira da masara, ya wayi gari ya tarar shanu sun shiga. Ya yi saƙo ransa a ɓace. Amma ya bi ƙa'ida. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi fadamar, ya ɗauki hoton sawun da shingen da aka karya, bai zagi kowa ba. Nan da nan wasu daga dangin Inna suka kira ni a gefe, suka ce in goge, abin kunya ne, zai tayar da fitina. Na ce ba za ni goge ba. Mutumin ya faɗi abin da ya gani a gonarsa, kuma don irin wannan aka bar ƙofa a buɗe.

Na riƙe waya ina jiran wuta ta tashi. Wani saurayi ya fara da "ai dama su", na goge na kira shi. Sai ɗan ardo ya jawo saƙon mai lambun ya amsa a kansa kai tsaye, da Hausa, don kowa ya san da wa yake. Ya jajanta masa, ya tambaye shi ta ina sawun ya shigo, ta ina ya fita, kuma manya ne ko da maruƙa. Mai lambun ya amsa. Wani dattijon makiyayi ya sa baki ya ce ya san garken da ya sha ruwa a wannan gefen. Ba a faɗi suna a zaure ba. Washegari na rufe rumfa na hau mashin zuwa Bafarawa, muka haɗu a ƙofar maigari, ni da ɗan ardo da mai lambun da mahaifin yaron da shanun suka kuɓuce wa. An yi magana mai zafi, an yi rantse-rantse, amma a ƙarshe mahaifin ya karɓi laifi, aka daidaita a kan abin da zai gyara. Da yamma mai lambun da kansa ya shiga zaure ya ce an sasanta, ya gode.

Ruwa ya dawo a makare, lokacin da gero ya riga ya tafi. Muhawarar da aka yi a zauren a wannan makon ita ce mafi kyau da na taɓa ji. Tambayar ita ce, a sake zuba gero mai saurin nuna, ko a haƙura a sa wake? Mutanen Sabon Birni suka ce ƙasarsu mai yashi ce, laima ba ta zama, su wake za su sa. Wani daga Tozai ya ce ya taɓa gwada geron a irin wannan lokaci, ya yi kai amma bai cika ido ba. Makiyaya suka ce ko waken bai yi 'ya'ya ba, harawarsa za ta yi daraja da rani, su masu saye ne. Aka yi saɓani sosai, wani ya ce wa wani bai san ƙasa ba, amma kowa yana jawo maganar ɗan'uwansa ya amsa a kanta, kuma kowa yana faɗin inda yake tsaye. Ni da ke da buhunan duka biyun a rumfa na kame bakina, don kada a ce ciniki nake nema.

Mafi yawa suka sa wake. Bai yi yawa ba, amma an samu na miya da na dabbobi. Shekarar ta kasance mai wuya duk da haka. Samari da yawa sun tafi ci-rani tun kafin kaka, wasu makiyaya sun sayar da shanun da ba su so rabuwa da su ba.

Baffa bai dawo zauren ba, ni kuma ban mayar da shi a ɓoye ba. Mun ɗauki watanni gaisuwarmu ba ta wuce ta farilla. Na ci gaba da zuwa gaishe shi kowace Juma'a ina zama kusa da ƙofa. Ranar da aka yi sunan ɗana shi ya zo ya yi addu'a, ya daɗe yana yi, kuma a ranar ya ce in matso in zauna a kan tabarma. Maganar waya ba mu sake tayar da ita ba har yau.

Da rani ya tsananta, mutanen zauren suka fara maganar wata tsohuwar rijiya a bakin burtali tsakanin Isa da Bafarawa, wadda yashi ya cike. Wani ya ce a da ba ta ƙafewa. Wani ya ce yana da igiya, wani ya ce yana da jakuna biyu na kwasar ƙasa, ɗan ardo ya ce zai kawo samari. Aka sa ranar da ba ta kasuwa ba. Na ƙara mutum biyu a kan aikin admin, ɗaya daga Sabon Birni ɗaya daga Tozai, na gaya musu su saurari kowane saƙo har ƙarshe kuma su kira mutum kafin ya ji haushi. Sannan na kashe wayata na sa a aljihu, na ɗaure shebur a bayan mashin, na kama hanyar rijiyar.